Guga a Kan Akwatin Lasifika

Kwanan baya jikana ya shigo ɗakina da wani ɗan baƙin abu da bai fi sabulun wanka girma ba, ya ajiye mini a kan tabarma, ya latsa wayarsa, sai ga abin nan yana zuba waƙa har kajin tsakar gida suka watse. Wai lasifika ke nan. Na ɗauka na jujjuya, roba ce gaba da baya, ba ƙusa ba katako, ba inda za ka ce hannun mutum ya bi. Na sa farce na ƙwanƙwasa, yaron ya kwashe da dariya ya ce, "Kaka, ke komai sai kin ƙwanƙwasa, sai ka ce mai sayen kankana." Su sun ɗauka tsufa ne ya kawo mini wannan ɗabi'a. Ba su san da ƙuruciyata na same ta ba, kuma a yini ɗaya na same ta.

Ni 'yar manoma ce, daga wata unguwa a bayan Kafur. Mu Maguzawa ne a lokacin, ba mu karɓi salla ba sai daga baya, kuma matanmu ba su san kulle ba. Mace ta yi noma, ta yi daka, ta ɗauko itace, ta je kasuwa ta yi ciniki da bakinta. Da aka aurar da ni ga wani saurayin unguwarmu da ya ajiye fartanya ya tafi Malumfashi koyon kafinta, mahaifina bai ji daɗi ba, ya ce shi bai ga abin da mutum mai lafiya zai samu a shafar itacen da ya riga ya mutu ba. Ni kuwa murna na yi, don na gaji da ƙaiƙayin dawa. Muka kama gida a bakin gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Da asuba lugude kake ji ta ko'ina, da kukan jakuna, da ƙarar motocin Funtua suna ta da inji a tasha. Yanzu wurin ya zama tsakiyar gari, ko itacen ɗorawar da nake shanya a gindinsa babu.

Wanda ya koya wa Maigida aiki mutumin Kudu ne, gajere, kullum da fensir a bayan kunne. Oga muke ce masa. Hausarsa a karye take, amma faɗansa ba ya bukatar tafinta. Shagonsa na Sabon Gari, matarsa na gasa burodi a bayan shagon, suna da 'ya ɗaya da aka haifa nan Malumfashi ranar Lahadi, maƙwabta suka sa mata Ladi, sunan ya bi ta har iyayen suka haƙura da nasu. Yarinya ce da ba ta daɗe da fara famfara ba, Hausar bakinta ta fi tawa tsabta, har gyara mini magana take yi wai ina maganar ƙauye. Yaran shagon Oga biyu ne da farko, Maigida da wani da ake kira Dogo. Dogo ya fi Maigida hannu, kowa ya sani, amma wata rana ya ɓata aiki, Oga ya mare shi a gaban mutane. Ya ajiye guduma, ya koma tasha yana lodin motoci. Daga ranar ko sun haɗu a hanya ba ya gaishe da Oga.

Abin da ya fitar da sunan Oga shi ne akwatunan rediyo da na garmaho da na lasifika. Da katakon banza yake haɗa su, irin na akwatin sabulu da 'yan kanti ke jefarwa, sannan ya lulluɓe su da wani fallen katakon maɗaci da ake kawo masa daga Kudu ta jirgin ƙasa. Fatar katako muke ce masa. Siririya ce, in ka ɗaga ta a rana kana ganin inuwar yatsunka, in ka lanƙwasa ta da gaggawa ta tsage. In an manna ta aka goge aka shafa mai, sai ka rantse daga gungume ɗaya aka sassaƙo akwatin. Gam ɗin da ake manna ta da shi kuwa dafa shi ake yi da guntayen ƙirgi da kofaton shanu, kuma warinsa sai wanda ya ji. Maman Ladi ta ce ba za a kashe mata kasuwar burodi ba, shi ya sa aikin manna fata ya dawo rumfar gidanmu, dahuwar gam ta faɗo kaina. Da fari har amai nake yi. Daga baya na iya shi fiye da miyar kuka, da ludayi kawai nake ɗagawa in san ya yi.

Na kalli aikin nan har na haddace shi. A shafa gam da zafinsa, a shimfiɗa fatar bayan an ɗan yayyafa mata ruwa, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma, a bi da dutsen guga mai garwashi kaɗan, don ɗumi ake so, ba ƙuna ba. Sai a sa wani ɗan katako mai santsin baki a riƙa turo gam daga tsakiya zuwa gefe. In an gama a ɗora buhunan yashi. A nan ne Oga zai ɗaga hannu ya daka tsawa, "Kowa tsaya! Ba motsi! Gam bai kama ba!" Ko tari ka yi kusa da teburin sai ya harare ka. Ladi ta mai da abin wasa. Da ya faɗa sai ta ƙame a inda take, ko da ƙafa ɗaya a sama, ta ƙi ko ƙifta ido har sai uban ya ce ya kama, mu kuwa muna ta danne dariya. Bayan an sauke yashi sai ya bi aikin da farce yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a jikin katako. Inda iska ta maƙale ƙarƙashin fata, sautin daban yake. Ya koya wa yaransa su ji kaurin katako da kunne, su ji ko akwati fanko ne ko an bar tsumma a ciki. "Kada ka duba," in ji shi, "ka ji." Kafintocin yanzu takarda mai zanen itace suke liƙawa da gam na gwangwani, damina ɗaya ta kwaye, ba wanda ya damu.

A shekarar da gari ya rikice, wani mai gidan rawa a Funtua ya sa a yi masa akwatin lasifika wanda ba mu taɓa yin mai girmansa ba. In na tsaya kusa da shi yana kawo mini ƙirji. A gabansa an yanke ƙaton rami zagayayye an rufe da ƙyalle mai kauri, ita lasifikar sai an kai Funtua za a ɗaura. An riga an manna fatar gefe da gefe, saura sama da murfin baya. Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai, an fara cirar gyaɗa. An jima ana ƙus-ƙus. Maza su taru a gindin rediyo su tashi fuska a murtuke, mata a bakin rijiya su yi shiru in Maman Ladi ta iso da bokitinta. Ni ban fahimci komai a rigimar manya ba.

Ran nan da hantsi Ladi ta zo in yi mata kitso, don uwarta ba ta iya irin namu ba. Tana zaune tsakanin ƙafafuna, na gama gefe ɗaya, gam na kan wuta, sai muka ji wata irin hayaniya daga wajen kasuwa. Ba ta biki ba ce, ba ta gobara ba. Karnukan unguwa suka ɗauki haushi gaba ɗaya. Na ɗaga kai na ga hayaƙi ya miƙe ta wajen Sabon Gari. Kafin in tashi Maigida ya faɗo gidan ba takalmi, ba hula, ya tura ƙyauren ya jingina da shi yana haki.

"Gida-gida suke bi," ya ce. "Mutanen Kudu suke nema. Kuma ba wanda bai san yarinyar nan a nan take yini ba."

Na ce mu sa ta ƙarƙashin gado. Ya ce nan za a fara dubawa. Na ce rumbu, ya ce rumbu ne na biyu. Na ce in goya ta mu bi gona, ya ce tsakaninmu da dawa akwai fili, kuma akwai mutane a kan hanya. Muna wannan Ladi na kallonmu ɗaya bayan ɗaya, matsefi na soke a kanta. Sai idonsa ya faɗa kan akwatin. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ladi, shiga nan ki zauna. Za a sa gam." Ta gyaɗa kai ta shiga ta naɗe ƙafafu, kanta ya kusa taɓa rufin. Ya ɗora murfin baya ya buga ƙusoshi. Kowace guduma a ƙirjina ta sauka. Muka juya fuskar akwatin ga bango, muka bar 'yar tazara don iska ta shiga ta ƙyallen.

"Kawunan ƙusar nan sababbi ne, za su tona mu," ya ce. "Ki rufe bayan da fata, ki rufe saman. In sun zo su tarar da ke kina aiki. Ni zan je in ga Oga."

Na riƙe rigarsa na ce ban taɓa mannawa da hannuna ba. Ya ce, "Kin fi ni sani." Ya ɓamɓare yatsuna ya fita.

Ban san yadda hannu ke aiki mai shi ba ya cikin hayyacinsa ba sai ranar. Na shafa gam, na ɗauko fatar da hannu biyu, na manna a baya, na bi da dutse, na turo gam. Layin ƙusoshin ya ɓace. Ina yi ina magana ƙasa-ƙasa, ina cewa Ladi kada ki ji tsoro, Inna na nan, don haka take kirana. Ba ta amsa ba. Hayaniyar kuwa sai matsowa take, har na fara rarrabe muryoyi, na ji ana dukan ƙyauren maƙwabtanmu. Garwashin dutsen ya yi sanyi, na buɗe na ɗebo daga murhu na cika shi fal, ban tsaya aunawa ba. Na shafa gam a saman akwatin, na shimfiɗa fata, na ɗora tsumma. Dutsen na sauka, ƙyaurenmu na faɗuwa.

Suka cika tsakar gida. Wasu baƙi ne ban taɓa ganinsu ba, wasu kuwa na san iyayensu mata, akwai wanda na sha ba shi ruwa a bakin ƙofar nan. Da sanduna, da adduna, idanu jajaye. Wani ya ce, "Ina 'yar kafintan?" Na ce tun da safe ta koma gidansu. Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Suka shiga ɗaki suka kifar da gado, suka hau rumbu suka caccaka da sanda, suka fasa mini randa. Ni dai ina guga. Na kasa tsayawa, don gani nake in na tsaya na ɗaga ido za su karanta komai a fuskata. Ina kai dutsen ina kawowa a wuri ɗaya. Tsumman ya bushe, ya fara ƙauri. A nan ne na tuna katakon saman nan na akwatin sabulu ne, bai kai kaurin yatsa ba, kuma kan yarinyar na nan daidai ƙarƙashin dutsen. Tsoro biyu suka haɗu mini. In na ɗaga su gane, in na ci gaba in gasa 'yar mutane da hannuna. Ina roƙo a zuci ta yi kuka in san tana da rai, ina kuma roƙo kada ta yi.

Wani mai tsage a kumatu ya zo ya doki gefen akwatin da sanda. "Wannan fa? Mutum zai shiga nan. A fasa shi."

"Dakata."

Na san muryar kafin in ga mai ita. Dogo ne ya ratso su. Na ce a raina shi ke nan, don duk garin in akwai wanda ba za a ruɗe shi da fatar katako ba, shi ne, in kuma akwai mai riƙe da Oga a zuci, shi ne. Bai dube ni ba. Ya zagaya bayan akwatin ya shafa da tafin hannu, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Fatar ba ta bushe ba, na ga yatsunsa suna tsayawa a kan kowace ƙusa. Sannan ya sunkuya ya kafa kunne, ya sa farce ya ƙwanƙwasa.

Ni ma da dafa gam kawai ne aikina, na ji bambancin. Akwatin da ba komai ciki amsawa yake yi kamar ganga. Wannan bai amsa ba, sautin ya mutu nan take kamar an doki buhun gero. Ya matsa ƙasa ya sake ƙwanƙwasawa. Haka dai. Ya daɗe a sunkuye, har na ga zufa na ɗiga daga haɓarsa a kan katakon. Na rufe ido.

"Fanko ne," ya ce, ya miƙe. "Aikina ne wannan, ko ɓera ne a ciki sai na ji. Kuma an manne shi ta ko'ina, ta ina mutum zai shiga? Kayan mai gidan rawan Funtua ne, wanda ke son rigima da shi ya fasa."

Mai tsagen ya yi tsaki, ya toshe hanci ya ce gidan nan warin mushe yake. Wani daga waje ya yi kira, suka juya suka bi shi kamar yadda suka shigo. Dogo ya tsaya a baya. Ya kama hannuna ya ɗaga shi tare da dutsen, ya karɓa ya ajiye a ƙasa. Wurin ya yi baƙi, shacin dutsen ya fito sak a kan fatar.

"Matar ɗan'uwa," ya ce, ba ya ko motsa leɓe, "zafin nan ratsa katako yake. Bari su sha kwana, ki yaga ƙyallen gaba."

Ya fita. Na ga hannun rigarsa da jini, kuma ba nasa ba ne.

Jiran da na yi kafin muryoyinsu su yi nisa, ban taɓa yin mai tsawonsa ba, har da naƙudar fari. Na tallafi ƙyauren na mayar, na dawo na rungumi akwatin na juyo shi, ban san inda na samu ƙarfin ba. Na kira Ladi. Shiru. Na sake kira, shiru. Na ɗauki wuƙar yankan fata na tsarge ƙyallen, wani huci ya bugi fuskata kamar na buɗe tanderun burodin uwarta. Na zura hannu cikin duhun na taɓa kitson da na yi mata, ya jiƙe sharkaf, da zafi. Ba ta motsa ba. Na taɓa kumatunta, na taɓa wuyanta, na fara kiran sunan uwata da ta daɗe a ƙasa. Sai na ji 'yar murya, a shaƙe, can ciki.

"Inna, gam ya kama?"

Na ce ya kama, 'yata, ya kama. Sai a lokacin ta saki kuka. Na jawo ta ta ramin lasifikar, kafaɗunta suka kurje, tsakar kanta ta tashi ta yi bororo, ta ciji bakin zanenta har ya huje. Na zauna da ita a ƙasa cikin ruwan fasasshiyar randa ina shafa mata.

Maigida bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya zauna a bakin rumfa ya zuba wa tukunyar gam ido. Na tambaye shi labarin Oga, sai ya ciro fensirin nan na bayan kunnen Oga daga aljihu ya ajiye a kan teburin aiki. Ban sake tambaya ba. Daga baya ya ce an kwashi wasu mata zuwa tashar jirgin Funtua, Maman Ladi na cikinsu. Washegari da safe na ɗaura wa Ladi tsumma mai sanyi a ka, na ba ta gorar ruwa, ta sake shiga ta ramin lasifikar, muka sa wa akwatin sabon ƙyalle. Ta tambaye ni yaushe zan ƙarasa mata kitson, na ce in ta dawo. A tasha Dogo ne ya yi lodin akwatin da kansa, a can sama kan buhunan gyaɗa, fuskar akwatin na kallon iska, ya gaya wa direba kada a ɗora masa komai. Maigida ya hau ya zauna kusa da shi. Ya sami uwar a tashar jirgi, ya miƙa mata 'yarta. Haka ta tafi da rabin kitso, ban sake jin labarinta ba.

Fatar katako ta daina zuwa daga Kudu, Maigida ya koma yin ƙyaure da benci har ƙarfinsa ya ƙare. Dogo ya tsufa a tasha. Mun sha haɗuwa a hanya, mu gaisa, ya tambayi yara, bai taɓa ta da maganar ba, ni ma haka. Ban san abin da hannunsa ya aikata a wasu gidaje ran nan ba, kuma ba zan wanke shi ba. Abin da na sani shi ne abin da kunnensa ya ji a gidana da abin da bakinsa ya faɗa.

Yanzu in ana biki sai a jibge manyan akwatunan sauti a ƙofar gida, baƙaƙe, wasu sun fi wancan girma. Kafin a kunna su nakan dogara sandata in je in kafa kunne in ƙwanƙwasa. Jikoki su yi ta dariya, masu kayan su ce Hajiya a yi hankali da waya. Ba na kula su. Sai na ji ya amsa mini kamar ganga, sannan nake iya komawa in zauna in ci tuwon bikin.